Amitiriftilin ko fuloksetin: wanne za mu ajiye a ƙaramin asibiti?

Adamu, Dukku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, kuma ina roƙon manyanmu su sa baki. Ƙarshen watan nan za mu miƙa jerin magungunan da za a sayo mana, kuma a karon farko kwamitin mazaɓa ya yarda a saka maganin ciwon damuwa a ciki. Kuɗin kaɗan ne. Tun da aka ba mu horon mhGAP, wato tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da lalurar ƙwaƙwalwa a ƙananan asibitoci, na fara gane cewa da yawa cikin masu zuwa da "kaina na zafi, jikina ya mutu, ba na iya barci" ba zazzaɓin cizon sauro ke damunsu ba. Littafin horon ya kawo magani biyu, amitiriftilin da fuloksetin. Wanne zan fi ba ƙarfi? Ina son jin ta bakin wanda ya yi aiki da su a ƙauye.

Baba Yunusa, Kumo:
Wa alaikumus salam. Adamu ɗana, sayi amitiriftilin. Tun kafin a haifi wasunku muke ba da shi. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma in naka ya ƙare mai jinya zai same shi a kemis ɗin garinsu. Abu na biyu, mutanenmu da rashin barci suke zuwa. In ka ba mace shi da daddare ta yi barci a daren farko, gobe mijinta da kansa zai ce maganin na aiki, kuma za ta dawo. In ka ba ta wanda sai bayan mako uku za ta ji canji, ba za ka sake ganinta ba, ta tafi wurin mai ruƙiyya ko mai sayar da magani a kasuwa.

Dakta Hauwa, Gombe:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar barci gaskiya ce, ba na musu. Amma barcin daren farko ba warkewa ba ne. Shi ma amitiriftilin sai ya ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin ya taɓa damuwar kanta. Barcin illarsa ce da ta zo da amfani.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ba da shi. Katunan da ake turo mana daga ƙananan asibitoci kusan duk iri ɗaya ne: miligiram 25 da daddare, wata da watanni, ba ƙari. Wannan awon na farawa ne kawai. Littafin mhGAP ya ce a fara da 25 lokacin kwanciya, a riƙa ƙara 25 zuwa 50 duk mako har a kai 100 zuwa 150 a rana ga baligi mai ƙarfi a jika. Tsoho ko mai wata cuta a tsaya a 50 zuwa 75. Miligiram 25 yana taimaka wa mai ciwon suga da ƙafafunsa ke zugi, yana rage ciwon ɓarin kai, amma mai tsananin damuwa yawanci ba ya isarsa. To idan aka kai awon da ya dace, a nan ne illolin ke fitowa: bushewar baki, taurin bayan gida, jiri in mutum ya miƙe, riƙewar fitsari ga dattawa maza, bugun zuciya, ƙiba. Arahar ma tana raguwa, don ƙwaya huɗu zuwa shida zai riƙa sha kullum, ba ɗaya ba.

Fuloksetin kuwa ana farawa da miligiram 10 na mako guda, a koma 20, kuma 20 ɗin nan shi ne awon magani ga yawancin mutane. Ƙwaya ɗaya da safe. Ga ma'aikacin da ke ganin mutum sittin shi kaɗai, wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne.

Baba Yunusa, Kumo:
Likita, na ji. Amma wanne ya fi ƙarfi? Ni abin da idona ya gani, tsohon maganin nan ya fi kama jiki.

Kabiru mai haɗa magunguna, Bajoga:
Baba, a nan bincike yana bayanka. A 2018 mujallar Lancet ta buga wani babban nazari da Andrea Cipriani na Jami'ar Oxford ya jagoranta. Sun tattara gwaje-gwaje 522, mutum sama da dubu 116, magunguna 21. Duka 21 ɗin sun fi ƙwayar da ba magani a cikinta aiki, kuma amitiriftilin ne ya zo a sama wajen ƙarfi. Sai dai a gwaje-gwajen da aka kara magungunan da juna, yana cikin waɗanda mutane suka fi watsarwa su daina sha. Fuloksetin yana cikin na ƙasa wajen ƙarfi, amma yana cikin waɗanda aka fi jurewa. Esitalofiram ya fito da kyau ta ɓangarorin biyu, sataralin ma yana cikin masu sauƙin jurewa.

Kada kuma mu ɗauka tazarar babba ce. Bambancin da ke tsakaninsu ƙarami ne, kuma yawancin gwaje-gwajen na mako takwas ne, an yi su a ƙasashen da mai jinya ke da likita a kusa.

Baba Yunusa, Kumo:
To ka gani. Alhamdu lillahi, Turawa ma sun shaida.

Dakta Hauwa, Gombe:
Sun shaida ƙarfinsa, Baba, kuma ni ma ina rubuta shi. Amma akwai abin da dole mu faɗa a fili, don shi ne ya sa na tsaya kan fuloksetin a matsayin na farko. Wanda muke ba maganin nan mutum ne da wataƙila yana tunanin rayuwa ta ishe shi. Amitiriftilin in aka sha shi da yawa lokaci guda yana rikita bugun zuciya, yana kawo farfaɗiya da suma, yana kisa. Daga Dukku ko Nafada kafin a iso da mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Gombe, tafiya ce mai nisa, ga neman mota, ga neman kuɗin mai. Fuloksetin da danginsa, waɗanda ake kira SSRI, haɗarinsu ta wannan fuska ya yi ƙasa ƙwarai. Akwai kuma yara ƙanana a gida. Ƙwayar amitiriftilin ƙarama ce, mai launi, ana ajiye ta a leda a kan taga. Ƙwayoyi kaɗan sun isa su jefa yaro ɗan shekara biyu cikin mummunan hali.

Don haka duk wanda zai ba da shi: ka tambayi mai jinya kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji an tambaye shi. Ka ba da na mako ɗaya ko biyu kawai. Ka damƙa maganin a hannun wani babba a gidan da ka yarda da shi.

Malama Zainab, Deba:
Dakta, ni gaskiya nauyin tambayar nan nake ji. Dattijuwa sa'ar mahaifiyata tana zaune gabana, yaya zan buɗe baki in ce mata ko tana son kashe kanta?

Sista Rifkatu, Kaltungo:
Zainab ƙanwata, ba da wannan ake farawa ba. Ni ina cewa, "Mama, wasu in damuwa ta yi musu yawa sukan ji gara ma Allah ya ɗauki ransu su huta. Ke ma kina jin haka?" In ta ce e, sai in ce, "Ya taɓa kai ki ga tunanin yi wa kanki wani abu?" A hankali, ba kowa a ɗakin, ba kishiya ba, ba uwar miji ba. Za ki yi mamakin yawan waɗanda za su fashe da kuka su ce ba wanda ya taɓa tambayarsu.

Usman, Nafada:
Ku yi haƙuri in kawo wani ɓangare. Anya ba mu mayar da halin rayuwa cuta ba? Mutum ambaliya ta cinye masa gona, bashi ya yi masa katutu, ba abin da zai ba iyali. Ba ƙwaya yake bukata ba. Mu Musulmi da Kirista muna da addu'a, muna da haƙuri, muna da 'yan uwa. Ina tsoron mu wayi gari duk wanda ya yi tagumi mun ɗora shi kan magani.

Dakta Hauwa, Gombe:
Malam Usman, tsoronka yana kan hanya, kuma littafin ma yana tare da kai fiye da yadda kake zato. Ba a ba mai ƙaramar damuwa magani. Ba a ba yaro ƙasa da shekara 12 sam. Matar da ke takaba, kuka da rashin cin abinci a kwanakin nan ba cuta ba ne, sai in abin ya wuce misali ko ta fara maganar bin mijin. Wanda muke nufi shi ne wanda ya yi aƙalla mako biyu kusan kullum ransa a ɓace, ko abin da yake so da ya daina yi masa daɗi, har aiki ya gagara: mace ta kasa girki da wankan yaranta, manomi ya kasa fita gona ga damina na wucewa, mai salla ya kasa tashi ya yi alwala ba don ya bar imani ba.

Wannan mutumin in ka ce masa ya ƙara haƙuri da tawakkali kawai, ka ƙara masa nauyi, don dama yana ganin kansa mai laifi ne. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna, yadda ba ma hana mai hawan jini addu'a, ba ma kuma hana shi ƙwayarsa. Ni ba na ce wa kowa ya bar ruƙiyya. Ina cewa a haɗa, kada dai a daina shan magani, kada kuma a yarda da duka ko ɗauri.

Usman, Nafada:
In dai da wannan iyakar ne, na yarda. Amma a riƙa zama da mutum ana sauraronsa, kada ƙwaya ta maye gurbin magana.

Kabiru mai haɗa magunguna, Bajoga:
Malam Usman, a kan wannan akwai aikin da aka yi a ƙasar nan. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun yi gwaji a ƙananan asibitocin Ibadan, aka buga a 2019. Ma'aikata irinmu ne suka kula da masu jinyar, ba likitocin ƙwaƙwalwa ba. Wani rukuni an ba su tsarin zama da mai jinya ana warware matsalolinsa mataki-mataki, ɗaya rukunin kulawar da aka saba amma an ƙarfafa ta da mhGAP. Bayan shekara guda, kimanin kashi uku cikin huɗu sun samu lafiya a kowane ɓangare. Abin da na ɗauka a ciki shi ne ma'aikacin ƙaramin asibiti in ya samu horo yana kuma bibiyar mutum, zai iya wannan aikin.

Bari in koma kan abin da ya shafi teburina, wato haɗa magani da magani, don a nan ne nake ganin ɓarna.

Na farko Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, da ire-irensa. Takardar da kamfanin ya saka a kwali ta hana haɗa shi da amitiriftilin, saboda yana hana hanta sarrafa amitiriftilin yadda ya kamata, kuma dukansu suna taɓa bugun zuciya. Ku duba yawan maganin zazzaɓin da muke rabawa daga Yuli zuwa Oktoba. Ba cewa nake a bar zazzaɓi ba magani ba, Allah ya kiyaye. Cewa nake a yi gwajin jini tukuna, a daina ba kowane mai ciwon kai maganin zazzaɓin cizon sauro, in kuma gwaji ya nuna akwai shi ga wanda ke kan babban awon amitiriftilin, a kira likita a yi shawara.

Na biyu tiramadol. Matasanmu masu aikin ƙarfi, 'yan acaɓa, masu noman kwadago, da yawa suna sha kuma ba za su faɗa ba sai an tambaya ba tare da tsawa ba. Tiramadol da fuloksetin in sun haɗu suna iya kawo rawar jiki, gumi, zazzaɓi, ruɗewa, har farfaɗiya. Da amitiriftilin ma haɗarin farfaɗiya na ƙaruwa.

Na uku, kada a haɗa fuloksetin da amitiriftilin wai ɗaya na safe ɗaya na barci ba tare da likita ba. Fuloksetin yana sa amitiriftilin ya taru a jini. Kuma yana daɗewa a jiki, makonni bayan an daina sha yana nan, don haka ko sauyawa za a yi daga shi zuwa amitiriftilin sai a fara da ƙaramin awo.

Sai kuma masu shan diklofenak da ibufurofen kullum saboda ciwon gwiwa. Su da SSRI suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki, musamman ga tsofaffi da masu gyambon ciki.

Adamu, Dukku:
Malam Kabiru, maganar Coartem ɗin nan ta girgiza ni. Allah ya saka da alheri.

Baba Yunusa, Kumo:
Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma ku bar ni in faɗi laifin naku maganin, tunda kun jera na nawa. Fuloksetin a makon farko yana tayar da zuciya, yana sa ciwon kai, wasu ya hana su barci, wasu su ji kamar ba za su iya zama wuri ɗaya ba. Mutumin da ya zo maka don ba ya barci, ka ba shi abin da zai ƙara masa ido biyu? Sannan akwai abin da ba wanda ke son faɗa. Yana rage wa namiji sha'awa, yana jawo jinkiri wajen biyan bukata. Magidanci mai mata biyu ba zai dawo ya ce maka ga abin da ya same shi ba. Zai jefar da maganin ya yi shiru, kai kuma ka rubuta a kati cewa ya ƙi bin umarni.

Dakta Hauwa, Gombe:
Wannan gaskiya ce tsantsa, Baba, kuma mata ma yana same su, su ma ba sa faɗa. Amitiriftilin ma bai kuɓuta daga wannan gaba ɗaya ba, amma SSRI sun fi yi. Maganinta a faɗa tun farko. Ma'aikaci namiji ya gaya wa namiji, mace ta gaya wa mace: "Wasu yana rage musu sha'awa. In ya faru kada ka daina, ka zo ka gaya mini, akwai abin da za mu yi." Tashin zuciya kuma yawanci yana lafawa cikin mako ɗaya zuwa biyu, shan sa bayan an ci abinci yana taimakawa, kuma dalilin farawa da 10 ke nan.

Rashin natsuwar da ka ambata ita ce nake so a sa wa ido ga matasa. Tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi a kan duk magungunan damuwa cewa suna iya ƙara tunanin kashe kai ga yara da matasa a farkon shan su, a 2007 ta faɗaɗa shi zuwa masu shekara 24. Duk matashin da aka ɗora kan magani a gan shi duk mako a watan farko. Ɗan shekara 12 zuwa 18 kuwa magana da shawara ake farawa da su, in dole sai magani to fuloksetin ne kaɗai, ba amitiriftilin ba, kuma gara likita ya gan shi.

Abin da nake roƙo kada a yi shi ne a rufe rashin barcin da dayazifam, wato Valium, wata da watanni. Valium ba ya maganin damuwa, kuma shi ne ke kama mutum ya kasa rabuwa da shi.

Malama Zainab, Deba:
To azumi fa? Bara wata ta daina sha gaba ɗaya da Ramadan ya kama.

Baba Yunusa, Kumo:
Duka biyun sau ɗaya ake sha a rana, ba dalilin dainawa. Fuloksetin da sahur. Amitiriftilin bayan an sha ruwa ko bayan tarawihi. Sai dai in faɗi gaskiya a kan nawa maganin, in azumi ya faɗo a zafin Maris da Afrilu, bushewar bakin tana wahalar da mutum sosai, kuma yana rage gumi, ga manomi ko mai faskare a rana wannan ba daɗi. Wasu kuma nauyin barci ya sa su makara sahur. Ina ce musu su sha da wuri, da zarar sun ci abincin buɗa baki.

Sista Rifkatu, Kaltungo:
Ni masu jego ne damuwata. Mace ta haihu, an yi suna, an gama wankan jego, amma ita kullum kuka, ba ta son ɗaukar jaririn, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce. Gida a ce aljanu ne ko maita. Wanne zan ba mai shayarwa?

Dakta Hauwa, Gombe:
Sista, a nan fuloksetin ya koma baya. Saboda daɗewarsa a jiki yana iya taruwa a jikin jariri, kuma mhGAP ya ce a guje shi ga mai shayarwa in da hali. Sataralin ne aka fi so, kaɗan ne ƙwarai yake shiga nono. Ana farawa da miligiram 50, ko rabin haka na 'yan kwanaki. In babu shi, amitiriftilin ma kaɗan yake shiga nono, ana iya amfani da shi a ƙaramin awon da zai yi aiki, a lura ko jaririn yana yawan barci ko ya rage kama nono, a kuma kula kada uwar ta yi nauyin barci da jariri a gefenta. Mai ciki kuwa a fara da zama da shawara, in abin ya yi tsanani a turo ta, kuma a guji faroksetin, wani daga dangin SSRI, a watannin farko.

Ki duba abu biyu kafin komai. Ko tana da ƙarancin jini, don shi kaɗai yana kawo kasala da bugun zuciya. Sannan ko har yanzu tana shan Aldomet da aka ba ta lokacin ciki saboda hawan jini. Yana iya jawo damuwa, ya kamata a sauya mata shi bayan haihuwa.

In kuma ta fara surutai, tana jin muryoyi, ba ta barci kwata-kwata, ko tana maganar cutar da jaririn, wannan ba na ƙaramin asibiti ba ne. A kawo ta ranar, kada a bar ta ita kaɗai da yaron.

Adamu, Dukku:
Na gode ƙwarai. Ga abin da zan rubuta: fuloksetin ya fi yawa, amitiriftilin kaɗan, in ajiye shi don wanda rashin barci da ciwon jiki suka fi damu, ba tsoho ba, ba mai ciwon zuciya ko farfaɗiya ba, kuma na mako biyu-biyu. Sataralin in rubuta wa mai jego ta saya in da hali.

Baba Yunusa, Kumo:
Ni da rabi da rabi zan yi, don na san ranar da fuloksetin zai yanke maka a tsakiyar damina, hanya ta lalace, mai jinya kuma ba zai same shi a ƙauye ba. Amma asibitinka ne, kai ka san mutanenka.

Tambaya ɗaya ce ban ji kowa ya ambata ba, kuma ta fi zaɓin maganin muhimmanci a wurina. Kafin ka ba kowa ko ɗaya cikinsu, ka tambayi ɗan uwansa: ya taɓa yin kwanaki ba ya barci kuma ba ya gajiya, yana zuba magana ba tsayawa, yana rabon kuɗi ko kayansa, yana jin shi wani babba ne? Na taɓa ganin wani ɗan kasuwa da aka ɗora kan maganin damuwa a wani wuri ba a yi wannan tambayar ba. Cikin 'yan makonni ya sayar da shanun gidansu ya raba kuɗin a tasha. Irin wannan cutarsa daban ce, mai hawa da sauka, kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura ta. A tura shi sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa.

Dakta Hauwa, Gombe:
Baba, wannan ita ce tambayar da ko mu a babban asibiti muke jaddada wa ɗalibai. Amitiriftilin ma ya fi SSRI saurin tunzura ta.

In ƙara da batun lokacin da za a ce magani bai yi ba. Kada a yanke hukunci a mako biyu. A ba shi mako huɗu zuwa shida a cikakken awo, a tabbatar ana sha da gaske. Fuloksetin in mako shida ya wuce ba canji, a ɗaga zuwa 40. In har yanzu shiru, a sauya zuwa ɗayan ko a turo. Kuma kada ma'aikaci ya karaya. A wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna STAR*D, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka warke sarai da maganin farko. Sauya magani abu ne da aka saba. Takardar PHQ-9 ta auna tsananin damuwa tana taimakawa a nan, tambaya tara ce, maki daga 0 zuwa 27. A cike ta ranar farko, a sake bayan wata guda, sai ka ga ko lambar na sauka, maimakon dogaro da "da sauƙi" da kowane Bahaushe zai ce maka ko yana jin jiki.

Malama Zainab, Deba:
Namu matsalar ba rashin aikin magani ba ce, Dakta. Da sun ji sauƙi a wata na biyu sai su ɓace. Bayan wata huɗu su dawo yadda suka zo da farko.

Dakta Hauwa, Gombe:
Saboda ba a gaya musu tsawon tafiyar tun ranar farko ba. Littafin ya ce a ci gaba wata 9 zuwa 12 bayan an samu lafiya. Ki faɗa da baki ƙarara: "Za ki fara jin sauƙi bayan wata guda in Allah ya so, amma sai shekara ta zagayo za mu yi maganar dainawa, kuma tare za mu rage shi a hankali." Ki gaya wa mijin ma, don shi ke ba da kuɗin mota. Da yawa tsoronsu kada ya zama ƙwayar da ba a rabuwa da ita. Ki ce musu ba ya sa maye, ba ya sa mutum ya riƙa neman ƙari. Amma in aka yanke shi lokaci guda jiki na iya yin jiri, tashin zuciya, munanan mafarkai, shi ya sa ake ragewa cikin mako huɗu ko fiye. Fuloksetin ya fi sauƙi ta nan, wanda ya manta kwana ɗaya ko biyu ba ya jin komai. Cikin magungunan damuwa, faroksetin da benlafaksin su ne masu wuyar bari.

Sista Rifkatu, Kaltungo:
Ni ina haɗa ranar dawowar mai jego da ranar rigakafin jaririnta, mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9. Ba mai hana ta fita ranar, ba kuma mai tambayar me ta je yi. Tsakanin mako 14 da wata 9 kuma ina sa ta zo awon nauyin yaro duk wata.

Malam Kabiru, sataralin ɗin ana samunsa a Gombe kuwa? In zan rubuta wa mace, ina so in san ba wahalar banza zan ba mijinta ba.

Kabiru mai haɗa magunguna, Bajoga:
Ana samu a manyan shagunan magani na cikin gari, Sista, amma ya fi fuloksetin tsada, kuma ba kullum iri ɗaya ake kawowa ba. Ki rubuta sunan maganin na asali da awonsa, kada ki rubuta sunan kamfani, don a ba shi mai sauƙin kuɗi. Ki ce ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin, kuma ya kawo miki ki gani kafin ta fara sha. In mijin ba zai iya sayen na wata uku a jere ba, gara tun farko ki kira Dakta ku fara da amitiriftilin ɗin da ke hannunki, da a fara sataralin a yanke a wata na biyu.